Kyamarata tana yanke bidiyo da kanta a tsakiyar biki, wai kuma in sayar da ita

Ɗan Gwale

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'a. Ina neman taimakonku a kan wata matsala da ta tsaya mini a rai tun makon jiya.

Ni a Kano nake. Na daɗe ina riƙe wa maigidana fitila da jaka a wajen biki, har Allah ya hore mini na sayi tawa kyamarar a watan da ya wuce. Canon 600D ce, ta hannu, wanda ya sayar mini ya ce daga Amurka aka kawo ta. Ta zo da gilashinta (lens) na 18-55, da batiri biyu, da caja. Katin memori ne kawai babu, sai na shiga kasuwa na sayi mai 128GB a wajen wani mai tebur a bakin hanya. Akwai sunan babban kamfani a jikinsa, kuma kuɗinsa bai kai rabin abin da aka faɗa mini a shago ba.

Aikina na farko ni kaɗai bikin ƙanwar abokina ne, kamu ranar Alhamis da yamma a tsakar gida, dina kuma ranar Asabar da daddare a hol. A wajen kamu, dangin ango sun gama ciniki da ƙawayen amarya, gwaggon ango ta kama bakin mayafi za ta ɗaga ta fesa turare, ana ta guɗa, sai kawai jan ɗigon nan na sikirin ya ɓace, rubutu ya fito: "Movie recording has been stopped automatically". Kafin in sake danna maɓalli an riga an buɗe fuskar. Wannan abu ba a maimaita shi, kun sani. Haka ta riƙa yi mini, wani lokaci ko minti ɗaya ba a yi ba ta tsaya. A wajen dina kuma akwai inda ta yi ta tafiya lafiya lau, na saki jiki, sai da aka yi wajen minti goma sha ɗaya ko sha biyu ta yanke a tsakiyar rawar iyaye mata.

Da na je gida na zuba a kwamfuta sai na tarar da wasu abubuwan. Bidiyon dina gaba ɗaya akwai wasu layuka masu duhu a kwance suna ta gangarowa daga sama zuwa ƙasa, alhali na kamu da aka yi da hasken rana fes yake. Hotunan cikin hol kuma yawancinsu dishi-dishi, musamman inda ake rawa da liƙi. Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne fayilolin ƙarshe, daga yanka kek har tashi. Ga sunayensu nan, ga nauyinsu ya nuna, amma ko ɗaya ya ƙi buɗewa.

Na kai wa wani mai gyara, ya kunna ya duba, ya ce sensa ce, wato ɓangaren cikin kyamarar da ke karɓar hoto, ta fara mutuwa, gara in rabu da ita tun tana da daraja. Duk abin da na tara ne na zuba a kyamarar nan, kuma ina da wani bikin ranar Asabar mai zuwa, na riga na karɓi kafin alƙalami. Don girman Allah wanda ya san kan abin nan ya faɗa mini gaskiya, in sayar ko akwai gyara? Kuma fayilolin nan akwai yadda za a yi su dawo? Har yanzu ban iya kallon idon abokina ba.

Tsohon Hannu

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kwantar da hankalinka, kada ka sayar da kyamarar nan. Ni tun zamanin kaset na VHS nake ɗaukar biki, kuma na yi aiki da irin taka shekara da shekaru. A cikin duk abin da ka lissafo babu ko ɗaya da ke nuna sensa ta samu matsala. Sensar da ta lalace ba ta gyaruwa da rana ta ɓaci da daddare, a kowane hoto za ka ga tabonta.

Yankewar da ka gani iri biyu ce, kuma bayaninka ya riga ya raba su. Akwai mai zuwa da wuri ba tare da lokaci tsayayye ba, akwai mai zuwa bayan minti goma sha ɗaya zuwa sha biyu. Kowacce da dalilinta.

Mai zuwa da wuri, kati ne. Idan kyamarar nan tana ɗauka a 1920x1080, tana fitar da kusan 330MB a kowane minti, wato wajen 5.5MB a daƙiƙa. Ba kai tsaye take zuba wa kati ba, akwai 'yar ma'ajiya a cikinta da ke tara bayanan kafin su wuce. Kamar mazurari ne a bakin kwalba: in wuyan kwalbar ya yi ƙanƙanta, kana zubawa yana taruwa, da ya cika dole ka tsaya. Za ka iya gani da idonka. Ka kunna ɗauka ka zuba ido a gefen dama na sikirin. Idan kati ba ya karɓa da sauri, wani ɗan ma'auni mai hawa biyar zai fito, yana hawa, da ya kai ƙarshe sai ɗaukar ta tsaya. A kati mai kyau ko dai ba za ka ga ma'aunin ba sam, ko ya leƙo ya koma.

Littafin kyamarar ya ce a sa mata kati mai aji 6 ko sama da haka. Ajin shi ne lambar da ke cikin harafin C a jikin katin. C10 na nufin ba zai gaza rubuta 10MB a daƙiƙa ba, U3 ko V30 kuma 30MB. Babbar lambar nan da ake bugawa da manyan baƙi, irin su 95MB ko 120MB, yawanci ta saurin karantawa ce, wato lokacin da kake kwashewa zuwa kwamfuta, ba ita ke ɗaukar maka bidiyo ba. To amma duk wannan bayani yana aiki ne idan rubutun jikin katin gaskiya ne. Buga takarda a manna ba wuya gare shi ba, kuma kati mai 128GB a ƙasa da rabin kuɗinsa, a kan tebur, ni dai ban taɓa ganin na ƙwarai a haka ba. Araha ba ta ado.

Shawarata, ka sayi kati biyu ko uku masu 32GB a shagon da zai ba ka rasit, wanda kuma zai karɓa in ka dawo da shi. Kowane ɗaya zai ɗauki kusan awa ɗaya da rabi na bidiyo a kyamarar nan. Na fi son ƙanana da yawa a kan babba guda, don in ɗaya ya ba ka matsala ba dukkan bikin mutane ne ya tafi ba. Kuma ka yi wa kati fomatin a cikin kyamarar, ba a kwamfuta ba. Idan ka shiga wajen fomatin akwai wani ɗan akwati da aka rubuta "Low level format", ka sa masa alama, yana dawo wa kati da saurinsa in ya fara nauyi.

Mai zuwa bayan minti goma sha ɗaya kuwa ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera ta. Kyamarar nan ta fito a 2011, kuma asalinta ta hoto ce aka ƙara mata bidiyo. Fayil ɗaya ba ya wuce 4GB a cikinta. Ka raba 4GB da 330MB za ka ga lissafin ya faɗo daidai inda ta yanke maka rawar iyaye. Waɗanda suka biyo bayanta, daga 650D, su kan buɗe sabon fayil su ci gaba da kansu, amma su ma suna tsayawa a minti 29 da daƙiƙa 59, saboda a lokacin Tarayyar Turai tana ɗora ƙarin haraji a kan na'urar da ke ɗaukar minti 30 ko fiye, a matsayin kyamarar bidiyo. Kada ka ce za ka sauko 1280x720 don ka samu ƙarin lokaci, a wannan samfurin nauyinsu ɗaya ne, don shi firam, wato hotuna, 50 ko 60 yake ɗauka a daƙiƙa.

Maganin wannan a hannunka yake. Kai za ka riƙa yankewa kafin ta yanke. Biki cike yake da gurbi: lokacin da emsi ya karɓi makirufo yana gaishe-gaishe, lokacin da dije ke sauya waƙa, lokacin da ake jiran ango ya taso. Da ka ga agogon sikirin ya haura minti bakwai ko takwas, ka nemi irin wannan gurbin ka tsayar ka sake kunnawa. Abubuwan da ba a maimaitawa kuma, buɗe fuskar amarya, sigar ɗaurin aure, yanka kek, ka fara musu sabon fayil gab da za a fara. In walima ce da malama za ta yi dogon wa'azi, ka kafa waya a gefe tana ɗauka ba yankewa, ka cike gurbin da ita wajen tacewa.

Akwai yankewa ta uku da ba ka gamu da ita ba tukuna, amma bazara na tafe. Zafi. Za ka ga alamar ma'aunin zafi fara a sikirin, daga baya ta koma ja. Ja na nufin ta kusa kashe ɗaukar da kanta. A ɗaurin auren ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu abin ba ya ɗaukar lokaci. Ka buɗe sikirin ɗin ya bar jikin kyamarar, ka kashe ta duk sanda ba ka ɗauka, kada ka bar ta a mota ko a kan tabarma cikin rana, in da hali yaro ya riƙe maka lema.

'Yar Zazzau

Baba Tsohon Hannu, Allah ya ƙara girma, bayani ya yi. Abu ɗaya nake so in ja kunnen ɗan'uwanmu a kai kafin ya tashi aiki da shawarar fomatin: sababbin katunan Baba yake nufi. Tsohon katin nan da bikin mutane ke ciki, kada ka yi masa fomatin, kada ka ƙara ɗaukar ko hoto ɗaya da shi, kada ka goge komai. Akwai ɗan makulli a gefensa na hagu, ka ja shi ƙasa yanzu-yanzu don kada wani abu ya sake rubutuwa a kai.

Ni tace bidiyo ce sana'ata, masu ɗauka ke kawo mini aiki, saboda haka irin fayilolin nan da suka ƙi buɗewa suna yawan zuwa hannuna. Ka bi a hankali. Da farko ka kwafe duk abin da ke katin zuwa kwamfuta, har waɗanda ba sa buɗewa. Sannan ka gwada su da VLC, don wani lokaci manhajar kallon ce ba ta iya karanta su ba. In sun ƙi, ka sa PhotoRec, manhajar tono fayilolin da suka ɓace, ya bincike katin, kyauta ne, kuma abin da ya tono ka ajiye shi a kwamfuta, ba a kan katin ba. Akwai kuma Untrunc. Fayil ɗin MOV, wato irin bidiyon da kyamararka ke ajiyewa, sai an tsayar da ɗauka kyamara ke rubuta masa bayanin da ake buɗe shi da shi, shi ya sa in batiri ya mutu ana cikin ɗauka, ko aka buɗe murfin kati jar fitilar nan tana ƙiftawa, sai fayil ya ƙi buɗewa alhali hoton yana ciki. Untrunc yana ɗaukar lafiyayyen fayil daga kyamara ɗaya ya gyara wanda ya karye da shi.

Amma ba zan ɓoye maka ba, yadda ka ce na farko duk suna buɗewa, na ƙarshe ne a jere suka ƙi, ya fi kama da katin da aka yi wa ƙaryar girma. Ana ɗaukar mai 8GB ko 16GB a sauya bayanin cikinsa ya riƙa nuna 128GB. Yana aiki lafiya har ainihin cikinsa ya cika, daga nan duk abin da aka zuba suna kawai yake rubutawa, bayanan ba su da wurin zama. In haka ne, babu manhajar da za ta dawo da su, kuma kada ka ba wa kowa kuɗi a kan ya yi maka alkawarin haka. Bayan ka gama duk ƙoƙarin ceto, sai ka gwada katin da H2testw. Yana cika kati da bayanai ya sake karantawa, ya faɗa maka nawa ne na gaske. A ƙarshe ake yin wannan, don yana rubutu a kan katin. Sababbin da za ka saya ma ka gwada su da shi kafin Asabar.

Sai layukan nan masu gangarowa. Ka ce daga Amurka kyamarar ta zo, to ina kyautata zaton tana kan NTSC, wato tsarin bidiyon da ake amfani da shi a can. Wutar lantarkin Amurka 60Hz ce, tamu a Najeriya da Nijar 50Hz. Ƙwan fitila a wutarmu yana ƙara haske ya rage sau 100 a kowace daƙiƙa, ido ba ya gani amma kyamara tana gani, musamman dogon ƙwai da ƙananan LED masu araha da aka cika hol da su. Idan shata, wato tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga, tana 1/50 na daƙiƙa, kowane layi na hoton yana samun bugu biyu cif. Idan tana 1/100, bugu ɗaya cif. Idan kuwa tana 1/60, bugu ɗaya da kashi biyu cikin uku ne, kuma da yake sensa daga sama zuwa ƙasa take karanta hoto, wani layin ya samu haske da yawa wani kaɗan. Layukan da ka gani ke nan. Rana ba ta wannan bugun, shi ya sa na kamu ya fita fes.

Ka shiga saiti, wajen alamar sifana, ka nemi "Video system" ka mai da shi PAL, tsarin da ya dace da wutarmu. Sai ka koma girman bidiyo ka zaɓi 1920x1080 a firam 25. Ka mai da hasken bidiyo na hannu, ka kafa shata a 1/50, kada ka taɓa ta muddin kana ƙarƙashin fitilar lantarki. Haske in ya yi kaɗan ko ya yi yawa, da ISO, wato ƙarfin jin hasken sensa, da buɗewar gilashi za ka daidaita.

Janareto yana iya ɓata wannan lissafin. Sai injin yana juyi a saurin da aka ƙera shi a kai yake ba da 50Hz daidai, to in aka ɗora masa na'urorin sanyi da amsa-kuwwa ya yi nauyi, sai ya riƙa sauka yana hawa. Fitilun ado masu sauya launi su ma nasu bugun daban ne. Don haka ka isa hol da wuri, ka ɗauki gwaji a wutar da za a yi taron da ita, ka kalla a sikirin. In layi ya fito a 1/50 ka gwada 1/40 ko 1/30. Fitilarka ta bidiyo mai batiri kuma ita ce abin dogaro, in ta rinjayi ta hol a fuskar amarya layukan ba sa tasiri.

Ɗan Gwale

Baba, Anti, Allah ya saka muku da alheri, ya biya muku bukatunku. Na duba, a kan NTSC take, firam 30. Na mai da ita PAL na gwada a ɗakina da daddare, layukan sun tafi. Na ari katin maigidana na gwada, ma'aunin nan bai fito ba, ta yi ta ɗauka har sai da ta kai minti goma sha ɗaya da 'yan kai. Nawa katin kuma, bayan PhotoRec bai samo komai sabo ba, H2testw ya nuna abin da ke aiki a ciki bai kai 16GB ba. Inna lillahi.

Saura maganar hotunan da ke fita dishi-dishi. Sannan na lura da wasu ɗige-ɗige baƙaƙe a hotunan da na ɗauka a waje, wuri ɗaya suke fitowa a sararin sama, kuma su ne mai gyaran ya nuna mini ya ce alamar mutuwar sensa ce. Jiya kuma ta rubuta mini Err 01 sau ɗaya, na kashe na kunna ta dawo.

Mai Gyaran Kyamara

Malam Ɗan Gwale, ɗigon nan ƙura ce ta zauna a kan gilashin da ke gaban sensa. A hunturu rabin kyamarorin da ake kawo mini ita ce matsalarsu. Ga yadda za ka tabbatar: ka sa kyamarar a Av, saitin da kai ke zaɓar buɗewar gilashi, ka ƙuntata buɗewar gilashi zuwa f/22, ka ɗauki farin bango ko sararin sama. Sai ka sake ɗauka a f/4. In ɗigon ya fito ɓaro-ɓaro a na farko, ya dushe ko ya ɓace a na biyu, ƙura ce. Ƙwayar sensa da ta mutu ƙanƙanuwa ce ƙwarai, yawanci ja ko shuɗiya ko fara mai ƙyalli, kuma ba ruwanta da buɗewar gilashi.

Ka sayi 'yar robar hura iska ta masu kyamara. Ka tabbatar batiri a cike yake, ka shiga wajen goge sensa a saiti ka zaɓi gogewa da hannu, madubi zai ɗaga. Ka kifa bakin kyamarar ƙasa ka hura, kada bakin robar ya taɓa komai a ciki. Ban da hurawa da baki, yawu zai bi. Ban da iskar masu faci, ban da audugar kunne, ban da gefen riga. In batiri ya mutu kana ciki labulen shata zai rufe a kan abin da ke wurin, wannan kuwa gyara ne mai tsada. Wadda ta ƙi tashi da iska ka kawo wa mai gyaran kyamara na gaske ya goge da kayan aikinsa, kuɗin ba shi da yawa. Sauya gilashi kuma ka riƙa yi a ɗaki ko cikin mota, kyamara a kashe, bakinta na kallon ƙasa.

Err 01 yana nufin kyamara da gilashi ba sa jin juna. Ka cire gilashin za ka ga wasu ƙananan ƙarafa masu ruwan zinariya a gindinsa da kuma a bakin kyamarar. Ka goge su da busasshen ƙyalle mai tsabta, ka mayar ka murɗa har ka ji ya yi ƙas. In ya ci gaba da fitowa, ka ari gilashin maigidanka ka gwada. Idan da nasa babu matsala, to wayar cikin gilashinka ce ta fara karyewa, abu ne da ke samun tsofaffin 18-55, kuma ana sauya ta. Err 02 in ka gan shi, na kati ne.

Batiran nan biyu da aka haɗo maka su ma ka gwada su. LP-E8 ne, kuma na hannu yawanci sun gaji. Ka cika kowanne, ka yi ta ɗaukar bidiyo a gida har ya mutu, ka ga iya inda yake kaiwa. Wanda ya fara kumbura, yana shiga da ƙyar, ka daina sa shi. Wasu marasa kyau suna nuna a cike, sai su ɗauke farat ɗaya ba gargaɗi, su tafi da fayil ɗin da ake ɗauka kamar yadda Anti ta yi bayani.

Tsohon Hannu

Alhamdu lillahi, ka ga kyamararka lafiyarta ƙalau. Maganar dishi-dishi, ka buɗe hoto ɗaya a kwamfuta ka ƙara girmansa. In bango da kujeru sun fito tsaf amma masu rawa sun yi jan-jan, shata ce ta yi jinkiri. In komai ya karkata gefe ɗaya har da bangon, hannunka ne ya motsa. In kuwa labulen bayan amarya ya fito tas ita ce ta dushe, fokas ne ya kama inda ba a aike shi ba.

Ina zaton a koren akwatin nan ka bar ta, wato ta zaɓa da kanta. A hol mai ƙarancin haske sai ta sauko da shata ƙasa sosai don ta tara haske, ga shi gilashin 18-55 in ka zuƙo shi zuwa 55 ba ya buɗewa fiye da f/5.6. Mai rawa yana bukatar 1/200 ko fiye. Ka koma M, wato saitin hannu, ISO 800 zuwa 1600. Hoto mai ɗan yashi-yashi amarya za ta karɓa, wanda fuska ta narke ba za ta karɓa ba. Abin da zai fi taimakonka shi ne filasha ta ɗorawa a kai. In silin fari ne kuma bai yi tsawo da yawa ba, ka ɗaga kanta sama hasken ya daki silin ya sauko, kwalliyar amarya ba za ta yi ƙyallin maiƙo ba. Da filasha kada shata ta wuce 1/200 a kyamarar nan, in ta wuce da filashar da ba ta jin maganar kyamara za ka ga baƙi ya cinye gefen hoton. In ka samu kuɗi kuma, gilashin 50mm f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na f/5.6, sai dai yana matso da mutum kusa, a ƙaramar tsakar gida za ka rasa inda za ka ja da baya.

Fokas kuma, ɗigo tara gare ta, na tsakiya ya fi sauran kamawa a duhu. Ka zaɓe shi shi kaɗai, ka ɗora a idon amarya, ka danna rabi, sannan ka gyara tsayuwar hoton. A bidiyo kyamarar nan ba ta bin mutum da fokas da kanta, da hannu ake yi: ka danna maɓallin ƙara girma kafin ka fara, ka murɗa har gashin ido ya fito. Amma fa in ka tashi komawa hoto, ka tuna maɓallin gefen gilashi ka mai da shi AF, fokas da kanta, daga MF, fokas da hannu. Na sha ganin yaran da suka ɗauki hotunan dangi gaba ɗaya yana kan MF.

Tunda ba ka yi maganar sauti ba bari in riga ka. Kusa da amsa-kuwwar dije makirufon cikinta yana fashewa. Tana da wajen rage ƙarfin sauti da hannu a saitin bidiyo, ka rage har ma'aunin ya daina dukan ƙarshe, don ba ta da ramin sa abin kunne da za ka ji abin da ke shiga.

'Yar Zazzau

Game da bikin da ya wuce, kada ka ci gaba da guje wa abokinka, ka same shi yau ka faɗa masa abin da ya samu katin. Sannan ka roƙe shi ya haɗa ka da ƙawayen amarya. Babu dinar da ake yanka kek ba a ɗaga wayoyi ba, buɗe fuska a wajen kamu ma haka. Ka ce su turo maka ta WhatsApp a matsayin fayil, ba ta wajen hoto da bidiyo ba, don kada ya matse ingancin, ko ka je da kebul ka kwasa da kanka. Ka yi sauri kafin su fara gogewa don neman wuri a waya. Waɗanda aka ɗauka a tsaye, mai tacewa zai sa su a tsakiya ya cike gefe da gefe.

Bidiyon da ke da layuka ma akwai ɗan taimako. A manhajar tacewa ka ɗora kwafinsa a kansa, ka matsar da na saman da firam ɗaya, ka rage kaurinsa (opacity) zuwa rabi, yadda na ƙasan zai riƙa bayyana. Yana rage layukan sosai a inda mutane ke zaune ko ana jawabi. A wajen rawa yana sa inuwa-inuwa a jikin masu motsi, don haka can ka gwada guntu tukuna ka gani ko zai karɓu kafin ka yi wa sauran.